Yadda Na Ci Huɗu Cikin Ashirin a Lissafin 'Yata

Jama'a, yau zan tona wa kaina asiri, don na gaji da murmushin da Mai Aski ke yi min duk sanda na gifta ta ƙofar shagonsa. Na faɗi jarrabawa. Ni ɗin nan, mai shekara hamsin da ɗaya, mai gyaran fanka da dutsen guga, wanda furfura ta riga ta mamaye masa gemu, an ba ni huɗu cikin ashirin a lissafi. Da jan biro. Malamar ma ba ta tsaya nan ba, sai da ta ja layi biyu a ƙasa ta rubuta: "Ɗaliba tana da ƙoƙari. Uba ya rage nasa."

'Yata ce ta kawo min takardar har shago. Ta ajiye ta a kan teburin aikina, tsakanin filaya da sukudireba, ta koma gefe ta harɗe hannuwa. A gida Lauya muke ce mata, don tun tana shekara huɗu ba a taɓa aikenta ta tafi ba sai ta ji dalili. Yanzu tana ajin ƙarshe a sakandare.

Na duba takardar, na juya bayanta ko akwai ragowar maki a can, na sake juyowa. Na ce, "To, ai huɗu ma ba laifi. Wani ko ɗaya bai samu ba."

Ta ce, "Baba, huɗun na kyan rubutu ne. Rubutun kuwa nawa ne."

Bari in koma baya ku ji yadda aka yi dattijo irina ya tsinci kansa a ƙarƙashin jan biro.

Farkon zangon karatun nan aka aiko wa iyaye takarda daga Ofishin Sama. Kada ku tambaye ni inda Ofishin Sama yake. Ban taɓa ganin wanda ya je ya dawo ba, takardu dai muke gani suna saukowa. Wannan shafi huɗu ce, da hatimi uku, da sa hannun Mai Girma Babban Mai Hangen Nesa, wanda sa hannun kaɗai ya cinye rabin shafi, ya leƙa har na gaba. Takardar ta ce daga yanzu kowane ɗalibi zai yi aikin gida na awa uku kullum. Uba ko uwa ya zauna kusa da shi ya jagorance shi, ya sa hannu a kowane shafi, ya rubuta lokacin farawa da na gamawa. Makin aikin gida za a haɗa shi da na jarrabawar gwaji, wanda bai kai ba kuwa ba za a sa sunansa a jarrabawar fita ba, sai ya maimaita shekara. Su kuma iyayen da karatunsu "bai samu damar yin nisa ba", haka aka rubuta cikin ladabi, kada su damu, an tanadar wa 'ya'yansu Ɗakin Nazari na Bayan Tashi, mai kwamfuta da fanka da malamai.

Na karanta wa mai ɗakina da ƙarfi. Ta ce, "Ai da kai suke."

Na ce, "Da mu dai. Uba ko uwa aka ce."

Ta ce, "Ni na yi nawa jagorancin, wata tara cur, ba wanda ya taya ni. Saura naka."

Ranar buɗe Ɗakin Nazari an gayyace mu ƙarfe goma na safe. Na rufe shago, na sa rigata ta zuwa biki, muka tafi da maƙwabcina Tela, wanda shi ma 'yarsa ajinsu ɗaya da Lauya. Mai Girma ya iso ƙarfe ɗaya da rabi, bayan yara sun rera waƙar maraba sau shida a rana don gwaji, har muryarsu ta koma kamar fankar da ta shekara ba a sa mata mai ba. Mota goma sha huɗu ta rako shi. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce daga yau ba yaron da zai sake komawa gida da tambaya a cikinsa. Muka tafa. Ni har hulata ta faɗi.

Aka zo yanka ƙyalle, almakashin hukuma ya ƙi ci. Mai Girma ya danna, ƙyalle ya lanƙwashe. Ya sake dannawa, ƙyalle ya sake lanƙwashewa. Tela, bawan Allah, ba ya iya ganin ana wulaƙanta yadi a gabansa. Ya zura hannu aljihu ya zaro nasa almakashin, ya nufi Mai Girma yana cewa, "Ranka ya daɗe, ga mai kaifi." Ƙarti huɗu suka hau kansa lokaci guda. Sai da Shugaban makaranta ya rantse cewa tela ne, kuma ɗan kwamitin iyaye, sannan aka ɗaga shi aka karkaɗe masa riga. Da almakashin nasa aka yanka ƙyallen. Har yau ba a mayar masa ba.

Ɗakin kuwa, tubarkalla. Kwamfuta ashirin suna ƙyalli, kujeru sababbi ko ledarsu ba a cire ba, fanka shida a silin. Kowa yana kallon kwamfuta, ni idona yana sama, sana'a ba ta barin mutum. Na bi bango da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Fanka shida, makunni ko ɗaya babu. Na matsa kusa da Shugaban makaranta na ce, "Malam, ta ina ake kunna su?" Bai dube ni ba, ya dai taka min ƙafa yana murmushi wa mai ɗaukar hoto.

Daga nan wata yarinya ta kawo makullin ɗakin a kan faranti, aka miƙa wa Mai Girma don alama. Ya ɗaga shi sama aka ɗauki hoto, ya jefa a aljihu, ya shiga mota, jiniya ta tashi. Ƙurar motocin ba ta gama kwanciya ba sai ga wata babbar mota ta fito da baya daga bayan makewayi. Ma'aikata suka diro, suka kwashe kwamfutoci da kujeru tas, suka ja ƙofa, suka danna wani ƙaton kwaɗo mai girman kan jariri.

Na tambayi Maigadi, "Baba, ina za a kai su?"

Ya ce, "Makarantar gaba, gobe ake buɗe nasu. Ai kwamfutocin nan sun fi ni ganin duniya. Direban ya ce wannan ce buɗewarsu ta tara."

Muna tsaye sai muka ga Shugaban makaranta yana lalube aljihunsa na dama, na hagu, na ƙirji. Can ya tsaya cak. Makulli ya tafi da Mai Girma. Na ce ai dole akwai na biyu. Ya nuna min taga da leɓe. Na leƙa. Ga shi can a rataye jikin ƙusa, a cikin ɗakin, yana lilo.

Na ce, "Malam, minti ɗaya ka ba ni da kwaɗon nan."

Ya dafe ƙirji. "Kwaɗon hukuma? So kake in yi ritaya a kurkuku?"

Ya rubuta wasiƙa Ofishin Sama. Bayan sati uku amsa ta sauko: an kafa kwamitin da zai gano cikin wace riga makullin yake, kasancewar Mai Girma mutum ne mai yawan riguna. Allah ya ƙara masa sutura.

Shi ke nan, aikin gida ya dawo wuyanmu. Da farko lafiya lau muke. Lauya takan zo shago bayan an tashi, ta share gefen tebur ta hau aiki, ni ina gyarana, in ta gama shafi in sa hannu. Ba ta tambayata, ba na tambayarta, maki yana zuwa sha shida, sha bakwai. Sai wata rana Mai Aski yana aske min ƙeya ya ce, "Kai sa hannu kawai kake yi? Takarda fa jagoranci ta ce. Ni ɗana har gyara masa nake yi." Abin ya tsaya min a rai. A ce Mai Aski, wanda ko lambar wayarsa sai ya duba bango yake faɗa, ya fi ni jagoranci?

Ranar Alhamis da yamma na ajiye sukudireba, na goge hannu, na ce, "Lauya, karanto tambayar da ƙarfi. Yau da ubanki za a yi."

Ta dube ni kamar na ce zan shiga gasar tsere. Ta karanto: akwai tanki, famfo yana cika shi cikin awa shida, wata kafa a gindinsa tana zubar da shi cikin awa tara. In aka buɗe famfo alhali kafar tana zuba, awa nawa zai ɗauka ya cika?

Na ce, "A toshe kafar."

"Baba, ba a toshewa."

"Wa ya hana? Ɗan roba da gam, minti biyar."

Muryata ta jawo Tela. Tela ya jawo Mai Aski da tawul a kafaɗa. Direba, wanda ke ajiye motarsa a gaban shagona in ya dawo daga hanya, shi ba ya jiran a gayyace shi. Kafin ka ce me, dattawa huɗu sun kewaye littafin yarinya.

Direba ya ce, "Wane mahaukaci ne ke tara ruwa a tanki mai yoyo? A fara faɗa mana sunansa."

Lauya ta yi 'yan rubuce-rubucenta a gefe ta ce, "Awa goma sha takwas ne."

Muka kwashe da dariya. Tela ya ce, "Goma sha takwas? Tanki ɗaya? Sai dai in kwamiti aka ba aikin." Shi a ganinsa uku ne, a cire shida daga tara. Mai Aski ya ce a'a, tarawa ake yi, goma sha biyar. Direba ya ninka ya samu hamsin da huɗu, ya kuma ce shi ya taɓa ganin tankin da ya fi haka daɗewa. Gardama ta kaure har wani mai wucewa ya tsaya yana tambaya ko gado ake rabawa.

Ni ne na kawo shawarar a gwada a gani. Na ɗauko bokitin mai ɗakina na roba, na huda gindinsa da ƙusa. Mai Aski ya zama famfo, yana tsiyaya ruwa daga buta. Direba ya riƙe agogo. Tela ya durƙusa da tef ɗinsa yana auna ruwan yana kiran inci kamar mai gwanjo. Lauya tana ta cewa, "Baba, soket! Baba, soket!" ni kuwa ina ce mata kada ta katse manya suna bincike. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin tebur a hankali, ya sami abin da take faɗa. Ji kake tas! Shuɗin haske ya gifta, wutar shago huɗu ta ɗauke lokaci guda. Mai Aski ya saki buta ya daka tsalle. Wanda ya bari a kujera da rabin kai a aske ya leƙo yana tambaya ko yaƙi aka fara.

A haka mai ɗakina ta same mu, dattawa huɗu da wanduna a naɗe zuwa gwiwa, a tsaye cikin ruwa. Ta dubi bokitinta, ta dube ni. Ta ce, "Sannu da jagoranci."

Bayan mun share ruwa muka kaɗa ƙuri'a, goma sha biyar ta yi nasara, don ni na goyi bayan Mai Aski. Da yake hannu ya riga ya faɗa, muka wuce sauran tambayoyi bakwai ɗin. Aka zo kan motar da ke gudun kilomita sittin a awa, Direba ya tambaya da safe ne ko da yamma, kuma shinge nawa ne a hanyar, ya sa aka ƙara awa biyu don tsaro. Aka zo auna wani fili mai kusurwa uku, Tela ya ce kowane gefe a bar inci biyu na ɗinki. Aka zo kan uban da shekarunsa suka ninka na ɗansa sau uku, Mai Aski ya ce shi ba ya faɗar shekarun mutum sai ya ga kansa, amma a rubuta arba'in da biyar, yawancinsu haka suke cewa. Duk amsar da Lauya ta kawo sai mu danne ta da rinjaye. Ta ce, "Baba, wallahi ba haka ba ne." Na nuna mata takardar Ofishin Sama na ce, "Nan me aka rubuta? Jagoranci." Ta rubuta abin da muka ce. Na sa hannu har da ƙawa.

To, kun ji asalin huɗun nan.

Ranar da ta kawo takardar, bayan maganar kyan rubutu, na so in mayar da abin wasa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce makin nan guda ya ja ta daga ta uku a aji zuwa dab da layin da ake yankewa. In aka sake irinsa sau ɗaya, ba sunanta a jarrabawar fita. Yarinyar nan tun tana ƙarama take cewa gada za ta riƙa ginawa. In muka hau gada a mota sai ta sa a rage gudu ta leƙa ƙasa. Ta tattara littattafanta ta ce, "Baba, don girman Allah ka daina taimaka min."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ni a aji biyu na bar sakandare, shekarar da mahaifinmu ya rasu aka kai ni koyon gyara. Shekara talatin da wani abu ina gaya wa kaina da na samu dama da an ga ƙwaƙwalwa. Ga dama ta zo, na kusa cinye wa 'yata shekara guda. Na zauna ina kallon wata fanka da na kwance, na ma manta abin da ke damunta.

Washegari na tafi makarantar. Aka nuna min ofishin Malamar Lissafi. A bakin ƙofa akwai baro, irin na 'yan gini, cike da littattafai. A ciki kuma tebur ne da tulin wasu littattafan, ba abin da ake hangowa a bayansu sai saman ɗankwali. Na yi sallama. Ɗankwali ya motsa, wata 'yar ƙaramar mata ta leƙo ta saman tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa guda da zare.

Na faɗi wanda nake. Ta ce, "Au, kai ne mai awa goma sha biyar. Bismillah, zauna. Mai inci biyu ma ya zo ɗazu." Ashe Tela ya koma gida ya jagoranci tasa 'yar da irin abin da muka tattauna.

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba ni kaɗai ba ne. Aji huɗu take koyarwa, kowane aji mutum casa'in, kowa da aikin awa uku, shi ya sa ta ari baro. Ta ce kafin takardar nan yawancin yaranta sha biyu, sha uku suke ci. Tun da iyaye suka shigo da ƙarfinsu aka koma shida. "Akwai uban da ya rubuta min a ƙasan shafi cewa a zamaninsu ba haka ake yi ba, in gyara littafina."

Na ce, "To Malama, me ya hana ki tsaya da su ko na awa ɗaya bayan an tashi?"

Ta jawo takardar Ofishin Sama ta nuna min sakin layi na bakwai. An haramta duk wani karatun bayan tashi sai a cikin Ɗakin Nazari. Malamin da aka kama yana yi a wani wuri, a bakin aikinsa. Azuzuwa kuwa ana buga ƙararrawa ake kulle su, don tsaron kujeru. Ta ce, "Na ce zan yi kyauta. Aka ce in jira kwamiti."

Zafi ya ishe ni, na waiwaya ina neman iska, sai na hango wata fankar tebur a lungu, ƙura ta rufe ta. Ta ce ta mutu tun bara. Na ɗauko ta, na juya, na ga waya ce kawai ta tsinke a gindi. Na ɓata fuska.

Na ce, "Malama, cutar fankar nan babba ce. Gyaranta zai ci zango guda. Ni kuma ƙa'idata, ba na taɓa kayan mutum sai yana zaune yana kallo. Daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi nake irin wannan aikin."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Can ta ce, "Mai kayan tana iya zuwa da 'yan rakiya?"

Na ce, "Fanka ce mai nauyi, Malama. Ɗaukarta sai mutum talatin."

Ranar Litinin ƙarfe huɗu sai ga Malama a gaba, fanka a hannun wata ɗaliba, yara ashirin da shida a baya. Zuwa Laraba sun kai arba'in. Tela ya kawo bencinsa biyu, Mai Aski ya kawo na masu jiran layi, Direba ya ciro kujerar bayan motarsa ya jingina da bango. Allo kuwa murfin wani tsohon firji ne na shafa masa baƙin fenti. Fankokin da masu su suka kawo gyara suka manta da su, guda tara, na jera su na kunna gaba ɗaya, sai da yara suka riƙa danne takardunsu da duwatsu. Fankar Malama minti goma ta ɗauke ni a ranar farko. Tun daga nan kullum sai in kwance ta, in leƙa cikinta, in girgiza kai, in mayar.

Doka ɗaya Malama ta kafa: iyaye ba sa magana. Mu zauna a baya da biro, in an miƙo shafi mu sa hannu. Mai Aski ya ɗaga hannu sau ɗaya zai yi gyara, ta tura shi waje ya tsaya minti goma. Ɗansa ya ce bai taɓa jin daɗin makaranta irin na ranar ba.

Ni kuwa ina bayan teburina da sukudireba, kunnena yana allo. A sati na biyu ta dawo kan maganar tanki. Ta ce a awa guda famfo yana zuba kashi ɗaya cikin shida, kafa tana kwashe ɗaya cikin tara, a duba abin da ya rage a ciki. Wani abu ya yi ƙas a kaina, kamar an haɗa waya da waya. Ban san sanda na miƙe na daka tsawa ba: "Goma sha takwas!" Yara suka fashe da tafi. Lauya ta kifa fuska a littafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Malama ta ce, "Daidai ne. Ka makara da sati biyu. Fita waje, minti goma."

A sati na uku wata farar mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani mutum ya fito, dogo, da fayil a hammata da biro uku a aljihun gaba. Malama ta raɗa min cewa Mai Duba Ko Ana Yi ne, daga Ofishin Sama. Alli ya faɗi daga hannunta. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka tara. Na wawuri ta Malama na hau kwance ta.

Ya ce, "Me ake yi a nan?"

Na ce, "Gyaran fanka, ranka ya daɗe."

"Waɗannan fa?"

"'Yan rakiya ne."

Ya nuna murfin firji, inda aka zana kusurwoyi da lambobi. "Wannan kuma?"

"Bayanin cutar ake yi min, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe fayil ya karanta sakin layi na bakwai tun daga farko har "a bakin aikinsa", yana kallon Malama. Matar nan shekara ashirin da biyu tana koyarwa, ni na jawo ta nan da dabarata. Ya zaro biro ya ce zai rubuta sunan kowa, daga kanta zai fara. Ya rubuta. Ya bi benci na farko. Ya bi na biyu. A na uku akwai wani siririn yaro da ya rufe fuskarsa gaba ɗaya da littafi, kuma littafin a juye.

"Kai, sauke littafin nan."

Littafi ya sauka a hankali. Yaron ya ce, "Ina wuni, Baba."

Jama'a, na ga mutane sun sha wutar lantarki a sana'ata, amma ban taɓa ganin wanda ya sandare irin wannan ba. Da ƙyar ya ce, "Kai ba ƙwallo ka ce min kana zuwa ba?"

Ku duba fa. Tun da aka kafa duniya yara ke cewa za su karatu su zarce ƙwallo. Wannan ya ce zai je ƙwallo ya zarce karatu.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tun da ka fara taimaka min uku nake ci."

Na san ba a ba iyaye izinin magana ba, amma abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Uku, ranka ya daɗe? Ni huɗu na ci."

Direba ne ya fara, ya toshe baki da hula amma dariya ta ƙwace. Daga nan shago ya rushe da dariya, har Malama ta cire tabarau tana goge ido. Mai Duba Ko Ana Yi ya tsaya da biro a sama. Ya dubi ɗansa, ya dubi takardar da ya rubuta sunaye. A hankali ya yage shafin, ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihu. Ya juya ya ƙura wa allo ido, ya daɗe. Sai ya rage murya ya ce, "Malama, ita wannan kusurwar, ta yaya ta zama sittin? Ni jiya casa'in na ce masa."

Malama ta ɗauki allinta daga ƙasa ta ce, "Iyaye ba sa magana. A koma baya a zauna."

Ya koma baya ya zauna kusa da Mai Aski, da fayil a cinya. Washegari ƙarfe huɗu sai ga shi da dutsen guga a leda. Na jona, lafiyarsa ƙalau. Na ce masa cutar babba ce. Ya ce shi ma haka ya yi zato.

An yi jarrabawar gwaji makon jiya. Ranar da aka kafe sunaye ban iya zuwa ba, na zauna a shago ina ɗaure ƙusa ɗaya ina kwancewa. Can na hango Lauya ta shawo kwana da gudu, jaka tana dukan bayanta, abin da rabon da ta yi tun tana firamare. Sunanta na biyu. 'Yar Tela ta shiga, ɗan Mai Aski ya shiga da ƙyar, mai ƙwallo ma ya shiga. Ta tsaya tana haki ta ce, "Baba, na gode da ka yi shiru." Na ce mata ƙurar fanka ce ta faɗa min a ido, ta je ta gaya wa uwarta.

Ofishin Sama ma sun ji labari. Shekaranjiya takarda ta sauko, ana taya Mai Girma Babban Mai Hangen Nesa murna, saboda Ɗakin Nazarin da ya buɗe ya ɗaga sakamakon makarantar fiye da kowace shekara. Za a ba shi lambar yabo. Ni ban ga laifi ba. Mutum ya hango nesa har ya ga yara suna karatu a ɗakin da gizo-gizo ne kaɗai ke nazari a ciki, ai ya cancanta.

A shafi na ƙarshe kuma an yi mana albishir. Ganin irin rawar da iyaye suka taka a lissafi, daga zango mai zuwa su ne za su jagoranci gwaje-gwajen kimiyya a gida, na haɗa sinadarai da dafa su. Mai Aski ya ce shi dama yana da wasu kwalabe da ya daɗe yana son ya ga abin da zai faru in an gauraya su. Mai ɗakina tun jiya ta ɓoye ashana.